Daga Sakatar Ƙofa Zuwa Bakin Teku

Ba a ambaci sunana a wurin jana'izarsa ba, kuma abin ya ci min rai. Ba zan yi ƙaryar cewa bai dame ni ba. Shekara tara ina wanke wa tsohon nan kaya, ina yanke masa farce, ina karanta masa takardunsa bayan idonsa ya tafi. Da aka zo lissafa waɗanda suka san shi, sai aka ce "da kuma mai kula da shi", kamar ana maganar kujera.

Mu shida ne muka raka shi. Duk cikar London da batsewarta, mutum shida ta iya fitarwa. Akwai faston cocinsu, wanda ya yi ta satar kallon agogo. Akwai wani farfesa da ya karanta shafi biyu na yabo, sunayen littattafai a jere, alhali a shekara taran nan ko sau ɗaya ban ga ƙafarsa a flat ɗin tsohon ba. Akwai jikan baffansa da ya zo daga Latvia, mutumin kirki ne amma baƙo, sau biyu kacal ya taɓa ganin mamacin. Ya zo da wata matashiya daga gidan adana takardu na ƙasarsu. Sai maƙwabciyarsa 'yar Kumasi, sai ni. Kowa ya ɗebi yashi sau uku ya watsa a kabarin, haka al'adarsu take. Farfesan ya karkaɗe hannunsa da hankici. Maƙwabciyar ce kawai ta yi kuka a fili, ta kama hannuna tana cewa da Hausarta ta zango, "Hajiya, ka yi haƙuri. Wannan tsoho, kullum shi gaishe ni. Yanzu wa zai gaishe ni a bene?"

Namu mutanen ma ba su bar ni na huta ba. Juma'ar da ta biyo bayan rasuwarsa na je masallacin Regent's Park, muna sa takalma na faɗa wa wata tsohuwar ƙawata. Ta ce, "Ke kuma har jana'izar za ki? Ai ba namu ba ne." Na ce mata, "Da nake wanke masa ƙafa ba ki tambaye ni ko namu ne ba." 'Yata kuwa da na kira ta a waya, ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci yadda ta saba, cewa ta yi, "Mum, he was a client." Wato aiki ne, ya ƙare, sai a nemi wani. Ban yi mata faɗa ba, na kashe wayar kawai. Abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa ba ni da hannu a ciki. Ni dai shaida ce a kan abin da idona ya gani, kuma shi zan rubuta, tunda yanzu na iya rubutu.

Mutumin Latvia ne. Kafin in san shi ban san akwai ƙasa mai wannan suna ba. Can take arewa, gefen wani teku mai sanyi. Yana yaro yaƙi ya koro su a cikin jirgin masunta, shi da mahaifiyarsa. Mahaifinsa bai samu shiga ba, ba su kuma sake jin ɗuriyarsa ba. Aikinsa nazarin harsuna. Harshen Latvia da masu shi, ba shi da fargaba. Amma mahaifiyarsa ta fito ne daga wasu ƙauyukan masunta masu yarensu daban, yaren da masu jinsa suka yi ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan yaren ya bai wa rayuwarsa. Bai yi aure ba. Ya ce min ya taɓa niyya, sai matar ta ce ya zaɓa tsakaninta da kwalayen takalmi.

Kwalayen nan na gan su tun ranar farko. Sha uku ne, jere a kan kanta a falonsa na Tottenham, kowanne cike da ƙananan katuna, kowane kati kalma ɗaya. Na shigo da rigar aiki, na taho tun daga unguwarmu Dagenham a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, raina a ɓace, sai na ji wani dogon Bature mai farin gashi ya ce, "Barka da zuwa. Ina gajiya?" Saura kaɗan jakata ta faɗi. Ashe ya koyi Hausa tun yana matashi a bakin ɗaliban da ke zuwa karatu daga Kano da Zariya. Hausarsa ta mutanen da ce, a hankali, kamar mai taka ƙwai. Kamfanin da ya turo ni ya ce a riƙa kiran tsofaffi da sunansu na yanka. Na ce ni ba haka aka raine ni ba. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce min Malama, tun ban san ko harafi ɗaya ba.

Tambayoyi uku gare shi, da su ya tsufa: "Wa ya faɗa? A ina? Yana me?" Ba ya karɓar kalma daga littafi, sai daga bakin mai rai, kuma ba ya rubuta ta sai da amsar nan uku a bayan katin. Wata rana ina kaɗa masa miya na ce da ina da maburgi da tuni na gama. Sai ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa.

"Wa ya faɗa?"

"Baba, ni na faɗa. A kicin ɗinka. Ina kaɗa miya. Ko idon ne ya fara?"

"Ke a bakin wa kika ji?"

"Kakata."

"Tana me?"

Na buɗe baki zan ba shi amsar rainin wayo, sai na gan ta, tsugune gaban murhu a Malumfashi, tana murza maburgi tsakanin tafukanta, hayaƙi na shigar mata ido tana zagin icen. Shekara arba'in ban tuna yadda take ɗaura zaninta ba sai ranar. Miyar ta kama. Ya cinye abarsa haka nan.

In gurasarsa ta faɗi ƙasa, baƙar gurasa mai nauyi kamar bulo, sai ya ɗauka ya sumbace ta kafin ya ajiye. A bas rufe ido yake yi, mutane su zata barci ne, shi kuwa sauraron bakin kowa yake. Mu sauka ya ce, "Matar bayanmu 'yar arewacin Ghana ce, amma ta daɗe a Legas." Ba ya son a taya shi sa kwat. Ba ya son talabijin. Duk safiya sai ya tsaya a taga ya yi magana da ƙarfi da yaren mahaifiyarsa, shi kaɗai, ya ce kada yini ya wuce ba a ji shi a duniya ba.

Shi ya gane ban iya karatu ba. Na shekara ina ɓoyewa. Magunguna da launi nake gane su, takarda kuwa in ce na manta gilashina. Da ya kai ƙarata, a ranar zan rasa aikin. Sai wata safiya ya ce, "Malama, gilashin nan naki ya shekara yana ɓata. Akwai inda ake samun irinsa a laburare, duk Talata da ƙarfe goma." Kunya ta kama ni. Na ce, "Ni da jikoki zan je in zauna ina ba-ba-ba?" Ya ce, "Ni ma zan matsar da abincin rana zuwa ƙarfe biyu. Kin ga mu biyu za mu sha wahala." Ina da shekara hamsin da ɗaya na shiga aji. Mijina ya rasu bai ga rubutuna ba. Baba ne ya fara gani, ya juya takardar sama da ƙasa ya ce hannuna ya fi na farfesoshi uku da ya sani.

Karatun nan ne ya ja min abin da zan faɗa yanzu.

An kwantar da shi kwana shida don aikin ido, aikin da bai yi nasara ba. Ni kuma a lokacin na gama koyon jeranta kalmomi daga A zuwa Z, ina ji da kaina. Na duba kwalayen nan, na ga sha biyu a jere suke tsaf, kowane kati a gurbinsa. Na sha uku kuwa a hargitse, ba kai ba gindi. Na ce Allah sarki, tsufa ne, bai samu ya gama ba. Bari in yi masa abin arziki. Kwana huɗu ina zaune a ƙasa, katuna sun fi ɗari huɗu, na jera su harafi bayan harafi. Har yabon kaina nake yi.

Ya dawo da bandeji a fuska. Na ɗora masa kwalin a cinya na ce, "Baba, taɓa ka ji." Ya ce in karanta masa na farko. Na karanta. Na biyu. Na uku. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Wa ya sa ki?"

"Babu. Na ga a hargitse ne."

"Fita."

"Ban gane ba."

"Na ce ki fita daga gidana."

Ni ba a yi min haka in yi shiru. Na ce, "In yana da tsari, me ya hana ka sa musu lamba? Mutum mai ilimi kamarka! Ka bar abu a buɗe shekara da shekaru, sannan ka ga laifin mai shara?" Na ɗauki jakata na fita, na buga ƙofar har maƙwabciya ta leƙo. Washegari na dawo, don ba wanda zai ɗiga masa magani. Kwana huɗu ina ba shi abinci yana karɓa kamar daga hannun bango.

A rana ta biyar ya ce in zauna. Ya ce kwalin nan ba na aiki ba ne, shi ya sa ba wanda ya taɓa buɗe shi. Mahaifiyarsa ta ƙare rayuwarta a wani garin masaƙu a arewacin Ingila, tana aikin wanki, ba ta da wanda za ta yi yarenta da shi sai ɗanta. Da ciwon ajali ya kwantar da ita, sai ta ce masa, zo in kai ka gida. Kullum ta rufe ido ta kama hanya daga ƙofar gidansu zuwa bakin teku, tana kiran sunan duk abin da ta wuce. Sakatar ƙofa. Dutsen da ake goge ƙafa. Rijiya. Bukkar ƙyafe kifi. Sandunan shanya koma. Shi kuma yana rubutawa, kati bayan kati, yadda ta faɗa. Wata uku suka yi a hanyar, ta isa ruwa, bayan kwana biyu ta cika. Da ƙasarsu ta samu 'yanci aka buɗe ta, ya je neman ƙauyen, ya tarar sojoji sun daɗe da tashin mutanen, daji ya cinye wurin, ko harsashin gidan bai gane ba.

Ya ce, "Kalmomin suna nan, Malama, ba ki ɓatar da ko ɗaya ba. Hanyar kika share."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina. Da na gama na share fuskata na ce, "To ai kai ka bi ta. Tashi mu koma." Ya ce idonsa ya tafi. Na ce nawa yana nan, kuma shi ya sa na samu gilashi.

Haka muka fara. Duk safiya bayan shayi sai in baza katunan a teburin cin abinci. Ya jingina ya ce, "Muna ina?" In ce, "Mun fito ƙofa, muna kan dutse." Sai ya yi ta lalube a cikin kansa, can ya faɗi kalma. Ni kuma in nemo ta a cikin tulin, in karanta da harshena na Bakatsiniya. Haruffan nasu masu hula ne da wutsiya, ban san yadda ake yi da su ba, ya yi ta dariya har da tari. Ya ce da mahaifiyarsa ta ji ni da ta jefe ni da kifi. Amma a hankali bakina ya faɗa. Wata rana mu samu kati goma, wata rana ko ɗaya. Mako biyu muka yi a bakin rijiya, ya kasa tuna ko guga ta fara kira ko igiya. Na ce, "Baba, mu bar rijiyar nan haka, mun sha ruwa ya isa." Ya ce a'a, mahaifiyarsa ba ta taɓa ɗaukar guga ba sai ta duba igiya. Ai kuwa, da ya faɗi haka sai ya gane ya ba kansa amsa.

Shekara uku muna tafiya. Na san hanyar nan fiye da hanyar kasuwar unguwarmu. Na san bayan bukkar kifi akwai shingen da ake rataya tulu, na san inda itatuwa masu ganye kamar allura suka fara, na san wurin da ake ajiye tsofaffin jiragen ruwa su ruɓe a cikin daji, don mutanen ba sa ƙona jirgin da ya ciyar da su. Ni da ban taɓa taka ƙasar ba. Ba wanda zan ba wannan labarin. Na gwada da jikata, ta ce min, "That's nice, Kaka," idonta na kan waya.

Faɗa ɗaya ne bai ƙare tsakaninmu ba. Kullum sai na ce a sa lamba a katunan da muka gyara. Kullum sai ya ce, "Sai mun isa ruwa." Na ce taurin kai ne. Ya ce mahaifiyarsa ba da lamba ta yi magana ba, kuma in aka sa lamba, ya zama ke nan an rufe magana, shi kuwa yana iya tuno wani abu gobe. Na ce, "In ka mutu fa?" Haka na faɗa masa, ban sakaya ba. Ya ce, "Ai ke kina nan."

A farkon hunturun nan muka hau tudun yashi na ƙarshe. Katuna talatin da ɗaya suka rage, na ɗaure su da roba. Ya ja numfashi ya ce, "Kina jin ƙamshinsa? Gobe mu gangara." Goben nan zazzaɓi ya rufe shi. Kwana tara a asibiti. Ba lokacin aikina ba ne, amma na je kullum. Ya cika da hantsi, ina riƙe da hannunsa, yana motsa baki da yaren nan. Na kasa kunne ko zan tsinci wata kalma daga cikin talatin da ɗayan. Ban ji ba.

Bayan an binne shi muka dawo flat ɗin shan shayi, ni na dafa, ni na raba. Matashiyar nan daga gidan adana takardu ta tsaya gaban kwalayen kamar mai addu'a. Ba ni da abin faɗa a kanta, yarinyar kirki ce. Ta ce jibi mota za ta zo a kwashe su, za a kai su ƙasarsu, a ɗauki hoton kowane kati, a haɗa su wuri ɗaya a jera yadda kowa zai samu abin da yake nema. Na ce, kwali na sha uku fa? Farfesan ya zaro kati biyu daga tsakiya, ya duba, ya mayar da su inda hannunsa ya ga dama. Ya ce wannan tarkace ne da marigayi bai samu ya jera ba, za a gyara.

Abin da na yi da jahilci, shi za su yi da digiri.

Na so in yi bayani. Amma ni in raina ya ɓaci Turancina guduwa yake yi, ya bar ni da Hausa, maƙwabciyar ta riga ta koma ɗakinta, mai jin Hausar kuma mun baro shi a ƙarƙashin yashi. Na ce, "Road. It is a road." Jikan baffansa ya dafa kafaɗata ya ce sun gode da duk abin da na yi, in je in huta. Kafin in kai tashar bas saƙo ya shigo wayata daga kamfani: in mayar da makulli gobe kafin sha biyun rana.

Washegari da na idar da sallar asuba ban koma na kwanta ba. Na feƙe fensir biyu, na sa su a jaka tare da gilashina, na gaskiyan. Na hau tube ɗin farko. Bakwai da 'yan mintoci na buɗe ƙofarsa. Kwat ɗinsa na nan rataye. Na tsaya a taga na faɗi gaisuwar safiya da yaren mahaifiyarsa, da ƙarfi, yadda yake yi, don kada ranar ta wuce ba a ji shi ba. Na sauko da kwalin, na nemo katuna biyun da farfesa ya ɓatar na mayar da su gurbinsu, ɗaya a shinge, ɗaya a gindin itatuwa.

Talatin da ɗayan nan ban kwance su ba. Ban san jerinsu ba, kuma ba zan ƙirƙira wa matacciya hanya ba. Na ɗauki sabon kati na rubuta da Turancin da nake da shi, na maimaita da Hausa a ƙasa: wannan kwali hanya ce daga ƙofar gida zuwa teku, kada a jera shi. Nan muka tsaya, a kan tudu. Na juya bayan katin na amsa tambayoyinsa uku. Wa ya faɗa: na rubuta sunana cikakke, da na mahaifina, da na garinmu. A ina: a teburinsa, Tottenham. Tana me: tana yin abin da ya hana.

Sannan na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba mu isa ruwa ba, amma ni ma ba dawwama zan yi ba." Na zaro katin sakatar ƙofa, na danna fensir a kusurwar sama, na rubuta ɗaya.